Farfesa Paul Lovejoy da tarihin goro, gishiri da kanwar ƙasarmu

  

Ina gaida mutanen Alakos baki ɗaya. Ina gaida na Garazu da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Ina gaida na Kelle, da na Gure, da na Tanut, har zuwa birnin Damagaram. Manomi da ke gyaran rumbu, sannu da aiki. Makiyayi da ke bakin rijiya, sannu da ƙoƙari. Iyayenmu mata da ke bakin murhu, sannunku da hidima. Malaman makaranta da ɗalibai, ku matso kusa da rediyo, domin shirin yau ya shafe ku ƙwarai.

Yau za mu yi magana a kan wani malamin jami'a, haifaffen Amurka. Sunansa Farfesa Paul Lovejoy. Fanninsa shi ne tarihin tattalin arziki. Ya shafe fiye da shekara 50 yana bincike a kan fataucin ƙasashenmu. Ya rubuta littafi guda a kan goro. Ya rubuta wani a kan gishiri da kanwa, kuma ƙasarmu ta Gure tana cikinsa.

Shirin namu kashi biyar ne. Na farko, wane ne shi, kuma mene ne fanninsa. Na biyu, goro. Na uku, gishiri da kanwa. Na huɗu, fari da zaman bakin hamada. Na biyar, bauta. Daga nan sai mu dubi aikin da ya rage a wuyanmu. Ku biyo ni sannu a hankali.

Ga kashi na farko.

Idan aka ce tarihi, yawancinmu sarakuna muke tunawa. Wane ya hau, wane ya sauka, wane ya ci wane da yaƙi. Wannan tarihi ne, babu shakka. Amma akwai wani tarihin. Shi ne mai tambaya cewa: me mutane suke ci a wancan zamani? Me suke nomawa? Ina suke kai shi? Da wane kuɗi suke ciniki? Wa ke yin aikin, wa ke cin ribar? Wannan shi ake kira tarihin tattalin arziki. A taƙaice, tarihin gona da garke da kasuwa. Ku riƙe wannan magana, domin za mu yi ta komawa kanta: kasuwa ma tana da tarihi.

An haifi Paul Lovejoy a shekarar 1943, a jihar Pennsylvania ta Amurka. Ya yi digirinsa na farko a kwalejin Clarkson, a jihar New York, ya gama a 1965. Daga baya ya tafi Jami'ar Wisconsin domin karatun digirin dakta. A lokacin, Wisconsin ta yi suna wajen koyar da tarihin Afirka. Manyan malamai biyu ne suka ɗaga ta. Ɗaya shi ne Philip Curtin, Ba'amurke, wanda a 1969 ya fitar da littafin da ya yi ƙoƙarin ƙidaya mutanen da aka kwashe daga Afirka ta tekun Atlantika. Ɗayan shi ne Jan Vansina, mutumin Beljiyam, wanda ya nuna wa malaman Turai cewa labarin baka na tsofaffi hujja ce ta tarihi, muddin an tace shi da kyau.

Ku lura da zamanin. Ƙasashen Afirka sun samu ƴancin kai ke nan. Har lokacin akwai manyan malamai a Turai masu cewa Afirka ba ta da tarihin da ya isa a karantar. Wasu kuma na ganin ba mu san ciniki na gaske ba sai da Bature ya zo. Ɗaliban Wisconsin sun fito ne domin su gwada wannan magana da hujja. Curtin ne ya zama malamin Lovejoy. Shi kuma ɗalibin ya zaɓi ya yi bincikensa a kan fataken goro na ƙasar Hausa.

A 1969 da 1970 yana Najeriya, musamman ƙasar Kano. Yana bin tsofaffin fatake da ƴaƴansu. Yana zama a zaure. Yana tambaya, yana ɗaukar muryoyi a faifai. A 1971 ya samu aikin koyarwa a Jami'ar York, a birnin Toronto na ƙasar Kanada. Nan ya zauna, nan ya yi rayuwarsa ta aiki. A 1973 Wisconsin ta ba shi digirin dakta. Daga 1974 zuwa 1976 ya dawo ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. A can, shi da wani masani Ba'amurke mai suna Jan Hogendorn, tare da ɗalibai ƴan ƙasa, suka tattara hirarraki masu yawa daga bakin dattawa. Masu rini, masaƙa, majema, manoma, fatake, da waɗanda suka ga zamanin bauta da idonsu.

Wannan shi ne kashi na farko. Yaro daga Pennsylvania, ɗalibi a Wisconsin, malami a Toronto, mai sauraro a zaurukan Kano da Zariya.

Yanzu kashi na biyu. Goro.

Jama'a, babu ɗaurin aure sai da goro. Babu suna sai da goro. Amma kowa ya sani, goro ba ya fitowa a ƙasarmu. Itacen kurmi ne, mai son ruwa da inuwa. To, yaya aka yi ya zama namu haka?

Amsar tana cikin littafin Lovejoy na farko, mai suna Caravans of Kola, wato ayarin goro. Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ce ta buga shi a 1980. Ya bi fataucin tun daga wajen 1700 har zuwa 1900.

Goron da fatake suka fi nema daga kurmin Asante yake fitowa, cikin ƙasar Gana ta yau. Babbar kasuwarsa a ƙarni na 19 ita ce Salaga, a ƙasar Gwanja. Shi ya sa har yau ake cewa fataucin Gwanja. Ayari yakan tashi daga Kano ko Sakkwato da ɗaruruwan mutane, wani lokaci fiye da dubu, da jakuna da takarkarai. Su ƙetare Kwara. Su ratsa ƙasar Bargu. Tafiyar watanni ce, zuwa da dawowa takan kusa cinye shekara.

Ayarin yana da tsari. Akwai madugu, shi ne shugaba, shi ke sasantawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito. Akwai jagaba, mai shiga gaba. Akwai zango, inda ake sauka. A kowane babban gari akwai fatoma, mai masaukin baƙi, wanda ke ajiye kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya wa baƙonsa a kan bashi. Akwai dillali. Goro kuwa kaya ne mai laulayi. Dole a naɗe shi da ganye, a riƙa buɗewa ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ya lalace, duk tsawon hanya.

Me fatake ke kaiwa Gwanja? Suna kai tufafin Kano da fatu da dabbobi. Suna kuma kai kanwa. Ku ji da kyau: kanwa. Kanwar da ake haƙowa a ƙasar Barno da Mangari da Muniyo tana tafiya har Gwanja, ta dawo ta zama goro.

Lovejoy ya gano cewa rukuni uku ne suka riƙe wannan fatauci: Agalawa, da Tokarawa, da Kambarin Barebari. Ya nuna cewa kakannin Agalawa da Tokarawa daga arewa suka gangaro, daga ƙasashen da ke hulɗa da Abzinawa, suka zauna a ƙasar Kano da Katsina, suka zama Hausawa. Kambarin Barebari kuwa asalinsu Barno. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, daga Agalawa ya fito, kuma da goro ya fara kafin gyaɗa.

Darasin kashi na biyu ke nan. Tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kakanninmu suna da bashi da amana, da dillanci, da wakilai a garuruwa masu nisa. Kasuwa ma tana da tarihi, kuma tarihin namu ne.

Masu sauraro, mun zo kashi na uku, wanda ya fi kusa da ƙofar gidanmu. Gishiri da kanwa.

A 1986, maɗaba'ar Jami'ar Cambridge ta Ingila ta buga littafin Lovejoy mai suna Salt of the Desert Sun, wato gishirin ranar hamada. Littafi ne sukutum a kan yadda ake samar da gishiri da kanwa, da yadda ake fataucinsu, a wannan yanki namu, daga tafkin Chadi zuwa Kwara, daga Kawar zuwa Binuwai.

Abin da ya fara nunawa, uwargida ta riga ta san shi. Gishiri iri-iri ne. Akwai kantu na Bilma da Fachi, wanda ake zubawa a mazubi ya daskare, a ba dabbobi. Akwai beza, farin gishiri mai kyau na miya. Akwai manda na ƙasar Mangari. Akwai farar kanwa da jar kanwa. Akwai ungurnu daga gaɓar tafkin Chadi. Akwai na Tegidda a yammacin Agadas, da na Dallol Foga a ƙasar Dosso. Kowane da ɗanɗanonsa, kowane da aikinsa, kowane da kasuwarsa.

Ku dubi aikin kanwa kaɗai. Ana sa ta a miya. Ana dama kunun kanwa domin mai jego. Makiyayi yana ba dabbobinsa. Mai taba yana haɗa ta da garin tabarsa. Majemi yana bukatarta. Mai magani yana bukatarta. Abin da gida da garke da sana'a duk suke nema, dole kasuwarsa ta yi faɗi.

Yanzu mu zo ƙasarmu. Gure ita ce mazaunin Muniyoma, sarkin Muniyo, a ƙarƙashin daular Barno. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya sauka a Gure a ƙarshen 1852, zamanin Muniyoma Koso, a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Ƙasar Muniyo da ta Mangari cike suke da kwaruruka a tsakanin tuddan rairayi. Da damina ruwa ya kwanta a cikinsu. Da rani ya ja baya, rana ta busar da ƙasa, sai kanwa da gishiri su fito fili.

Kanwa, kankare ta ake yi, a tara. Manda kuwa sai an sha wuya. A kwaso ƙasa mai gishiri. A zuba ta a matacin da aka saƙa da ciyawa. A kwarara ruwa, ya tsiyaye da gishirin. A zuba ruwan a ƙananan tukwane na yumɓu, a jera a kan murhu. A yi ta hura wuta dare da rana, ana ƙara ruwan, har ya ƙafe ya daskare. Sa'an nan a fasa tukunyar, a fitar da curin manda.

Su wa ke wannan aiki? Lovejoy ya nuna cewa yawancinsu manoma ne. Idan an gama girbi, sai su bar ƙauyukansu su tafi wurin gishiri, su yi rani a can, su dawo kafin shuka. Cin rani ke nan, tun kafin a san Legas ko Libiya a matsayin wurin nema. Ya kuma nuna cewa kwaruruka suna da masu su. Masu sarauta ne ke riƙe da su, kuma suna karɓar kasonsu daga abin da ma'aikaci ya samu. Mai gumi daban, mai babban rabo daban. Masanin tarihin tattalin arziki ba ya tsallake wannan tambaya: wa ke aikin, wa ke cin ribar?

Sai gishirin Kawar. Bilma da Fachi suna da gishiri da dabino, amma ba su da gero. Mu kuma a nan muna da gero, ba mu da kantu. Kowace shekara, bayan damina, ayarin Abzinawa yakan tashi daga duwatsun Abzin, ya ratsa Tenere, da raƙuma dubbai, wata shekarar fiye da 10,000. Su kai gero, su ɗauko kantu da beza da dabino. Su gangaro kudu, su sayar, su sake sayen gero da tufafi. A da, Barno ce ke da iko da gishirin Kawar. A tsakiyar ƙarni na 18 fataucin ya koma hannun Abzinawa.

Ina geron yake fitowa? Daga ƙasashen noma na bakin hamada, irin su Damargu, da Alakos, da Kutus, da kuma ƙasar Hausa ta kudu. Saboda haka, ya kai manomin Alakos, rumbun kakanka yana cikin wannan labari. Geron da ya noma shi ne abincin mai haƙar gishiri a tsakiyar hamada.

Mu ɗan tsaya mu tattara. Goro daga kurmi. Kanwa daga Muniyo da Mangari. Kantu daga Kawar. Gero daga bakin hamada. Tufafi daga Kano. Duk igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Ga kashi na huɗu. Fari da zaman bakin hamada.

A nan dole in kawo sunan wani Ba'amurke, Stephen Baier. Shi ma ɗalibin Wisconsin ne. Shi a Damagaram ya yi nasa binciken, a kan ƴan kasuwar Zinder da na Damargu. A 1980 maɗaba'ar Oxford ta buga littafinsa a kan tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar. A ciki akwai labarin attajirai irin su Malam Yaro na Zinder, da fataucin da ya haɗa Kano da Tarabulus ta hanyar Damagaram da Agadas, inda ake fitar da gashin jimina da hauren giwa da fatu.

Dattawa suna tuna farin da aka yi daga 1968 zuwa 1974. Dabbobi sun mutu. Mutane sun bar gidajensu. A daidai wannan lokaci, duniya tana tambaya: me ya sa yankin Sahel ya kasa jurewa? A 1975, Lovejoy da Baier suka haɗu suka rubuta wata maƙala a kan abin da suka kira tattalin arzikin bakin hamada. Wato yadda makiyayin arewa da manomin kudu suke rayuwa da juna.

Ga abin da suka ce, a sauƙaƙe. Fari ba baƙo ba ne a ƙasar nan. An yi mai tsanani a tsakiyar ƙarni na 18. An yi na 1913 zuwa 1914, wanda ya kawo yunwar da Hausawa suka sa wa suna Kakalaba. Mutanen da suna sane da cewa fari zai dawo, don haka suka gina rayuwarsu da shirinsa. Babban mai raƙuma na Abzin ba ya tara dukiyarsa wuri ɗaya. Yana da garke a arewa. Yana da ƙauyukan noma a Damargu. Yana da mutanensa da masaukinsa har ƙasar Katsina da Kano. Da rani raƙumansa suna kiwo a gonakin Hausawa bayan girbi, suna barin taki. Idan shekara ta yi kyau, jama'a su matsa arewa. Idan ta ɓaci, su gangara kudu, inda akwai hatsi da sanayya. Wasu su koma idan ruwa ya dawo. Wasu su zauna, jikokinsu su tashi Hausawa. Kun tuna Agalawa da Tokarawa? To, ga hanyar da ta kawo su.

Arewa da kudu kamar turmi da taɓarya suke. Ɗaya ba ya daka sai da ɗaya.

Sai zamani ya juya. Faransa ta kama Zinder a 1899. Ingila ta kama Kano da Sakkwato a 1903. Aka ja iyaka a tsakanin mai raƙumi da kasuwarsa. Jirgin ƙasa ya iso Kano, kaya suka koma bin teku, hanyar Tarabulus ta mutu. Yaƙin Kawusan na 1916 da 1917, da ramuwar da Faransa ta yi bayansa, suka karya garken Abzin. Gishirin Turai ya shigo kasuwa. Daga baya mota ta karɓe aikin raƙumi a yawancin hanyoyi. Tsohon tsarin ya raunana. Da farin 1968 zuwa 1974 ya zo, hanyoyin tsira na da sun riga sun ƙuntata.

Jama'a, wannan magana ba ta tsufa ba. Kun ga abin da ya faru da farashi lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta a 2019. Kun ga abin da ya faru da aka sake rufe ta a 2023. Mai rago a kasuwar Gure ya ji a jikinsa. Mai sayen masara ya ji. Tarihi yana gaya mana cewa arzikin wannan yanki a kan zirga-zirga aka gina shi. Duk abin da ya tare hanya tsakanin makiyayi da manomi, ko tsakanin arewa da kudu, talaka ne ke fara biyan kuɗinsa. Kuma duk mai hura wutar gaba tsakanin manomi da makiyayi, yana rusa abin da ya ceci kakanninsu duka biyu a shekarun yunwa.

Yanzu kashi na biyar, kuma shi ne mai nauyi. Bauta.

Duk inda Lovejoy ya bi sawun kaya, sai ya tarar da bawa a wurin. A cikin ayari akwai bayi masu ɗaukar kaya. A wasu wuraren gishiri akwai bayi. A rinji, wato ƙauyen gandun mai sarauta ko attajiri, bayi ne ke noma. Ya ga ba zai yiwu a ba da labarin arzikin ba tare da an faɗi wanda aka tilasta wa aikin ba.

A 1983 ya fitar da littafin da ya fi yi masa suna a duniya, Transformations in Slavery, tarihin bauta a nahiyar Afirka. Hujjarsa ita ce, cinikin bayi zuwa ƙetaren teku da ƙetaren hamada ya sauya al'ummomin Afirka kansu, har bauta ta zama ginshiƙin noma da sana'a a wurare da dama, musamman a ƙarni na 19. A 1993, shi da Hogendorn suka rubuta littafi a kan yadda bauta ta mutu sannu a hankali a arewacin Najeriya, daga 1897 zuwa 1936. Sun ƙiyasta cewa a wajen 1900 akwai bayi tsakanin miliyan 1 da miliyan 2 da rabi a daular Sakkwato. Sun nuna cewa Turawan mulki ba su ƴanta kowa dare ɗaya ba. Sun hana kamu da sayarwa, amma suka bar da yawa su fanshi kansu da guminsu. Sai a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a dokar can. A nan Nijar, a 2003 ne doka ta mai da bautar da mutum babban laifi mai hukuncin ɗauri.

Ba duk masana ne suka yarda da Lovejoy a kan komai ba. An yi muhawara a kan alƙalumansa. An yi muhawara a kan yadda ya fassara su. Haka ilimi yake tafiya, hujja ta ci karo da hujja. Amma ya tilasta wa kowa ya dubi abin da ake kauda kai daga gare shi. Mu ma ya kamata mu duba, cikin natsuwa, ba domin a goranta wa kowa asali ba. Babu wanda ya zaɓi gidan da aka haife shi. Ana faɗar wannan tarihi ne domin a mutunta waɗanda suka sha wuyar, kuma domin kada wani ya sake mallakar ɗan'uwansa.

A rabin rayuwarsa na biyu, Lovejoy ya bi sawun waɗanda aka kwashe. Shi da masanin nan Robin Law sun sake fito da labarin Mahommah Gardo Baquaqua a 2001. Wannan mutum ɗan Jugu ne, a arewacin Benin ta yau, gari a kan hanyar fataken goro. An sayar da shi zuwa Barazil, ya kuɓuta a New York a 1847, aka buga labarinsa a 1854. A Jami'ar York, Lovejoy ya kafa cibiyar bincike mai sunan Harriet Tubman, domin tarihin ƴan Afirka da ke warwatse a duniya. Ya yi aiki da shirin UNESCO na bin hanyoyin bayi. Ya yaye ɗalibai masu yawa, cikinsu har da ƴan Afirka da suka zama farfesoshi.

Masu sauraro, mun zo ga aikin da ya rage a wuyanmu.

Kada wani ya ɗauka baƙi kaɗai suka yi wannan hidima. Muna da namu. André Salifou, ɗan Zinder, ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19. Maikorema Zakari ya rubuta na Mangari. Djibo Hamani ya rubuta na sarautar Abzin. A Najeriya, Mahdi Adamu ya bi sawun Hausawa a faɗin Afirka ta Yamma. Allah ya saka musu da alheri.

Amma ku dubi inda Lovejoy ya samo ilminsa. Wani sashe daga takardun Turawa da littattafan matafiya. Babban sashe kuwa daga bakin dattawanmu. Su suka san hanyar Gwanja. Su suka san yadda ake dafa manda. Shi ya zo da tambaya, da haƙuri, da abin ɗaukar murya. Littattafan da suka fito da Turancin Ingilishi suke, kuma jikokin waɗanda suka ba da labarin kaɗan ne suka taɓa ganinsu. Wannan giɓi ne, kuma mu ne za mu cike shi.

Dattawan da ya yi hira da su a 1969 sun riga mu gidan gaskiya. Amma a Alakos yau akwai tsohon da ya bi ayari. Akwai tsohuwar da ta san farashin tiyar gero a shekarar 1973 da ta 1984, ta san abin da aka ci da hatsi ya ƙare. Akwai wanda ya san tsofaffin rijiyoyi da burtalin da dabbobi ke bi. Wannan sani ba ya cikin kowane littafi.

Don haka ga roƙona, abu uku.

Na ɗaya, ga matasa. Wayar da ke hannunka ta fi na'urar da Lovejoy ya zo da ita. Je ka gaida kakanka ko kakarka. Nemi izini. Tambaye su: me kuke sayarwa, ina kuke kaiwa, da me ake biyanku, yaya kuka tsira a shekarar fari? Ka faɗi ranar da sunan garin a farkon ɗaukar. Ka bar su su yi magana da harshen da suka fi so, Barbarci ne, ko Hausa, ko Tamashek, ko Fulatanci, ko Tubanci.

Na biyu, ga malaman makaranta. Ku ba ɗalibai aikin rubuta tarihin kasuwar garinsu. Yaushe aka kafa ta? Wace rana take ci? Wane kaya ya ɓace daga cikinta, wane ya shigo? Ku ajiye kwafi a makaranta, ku kai wani ma'aikatar magajin gari.

Na uku, ga ɗalibanmu da ke jami'a a Zinder da Yamai. Tarihin gero da dabbobi da rijiyoyin Alakos da Kutus yana jiran mai rubuta shi. Ku rubuta da Faransanci domin jarrabawa, ku kuma juya shi zuwa harsunanmu domin iyayenku su ji.

Kasuwa ma tana da tarihi. Wanda ya san yadda kakanninsa suka ƙetare fari, ya fi sanin abin da zai nema a wurin hukuma da abin da zai shirya a gidansa.

A nan za mu dakata a shirinmu na yau.  Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye garkenmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.